Jifan da Ke Makara

Ina zaune kan bokiti a bayan garejin gidanmu,
a wani ƙaramin gari cikin Oklahoma,
safar kamu a hagu, ƙaurina duk tabo.
Ƙafa arba'in ce tsakanina da Renata,
ni na auna da igiya, na shata da farin fenti.
Shekararta goma sha biyu.
Hannunta ya wulwula, ya zagayo ta gefen ƙugu,
rawayar ƙwallo ta faɗo tafina, tas!
har ɗan yatsa ya yi tsami.

Wannan ta iya. Sauri bai taɓa ba ta wuya ba.

Ran Talata Koci Lorna ta kama yatsunta,
ta cusa ƙwallon can cikin tafi,
ta ce: Hannu ya yi gudun da ya saba,
ƙafa ta tunkuɗa ƙasa yadda ta saba,
ko nishin nan naki kada ki rage masa.
Sai a ƙarshe ki juya bayan hannu,
ki sake ta kamar mai ajiye ƙwai.
Jiki ya rantse wuta ce ke tafe,
ƙwallo kuwa ta taho da tafiyar hawainiya.

Ni da na raine ta kan faɗin gaskiya,
na taɓa mai da ta kanti da ruwan sama
don canjin da aka ba ta ya yi yawa,
yau ga ni ina ƙirga mata ƙarya:
hamsin kafin abincin dare.

Ta farko ta haura shinge, ta sauka cikin tumatirin maƙwabci.
Ta biyu ta ci ƙasa, ta zo ta gai da ƙaurina.
Ta bakwai ta yi kyau,
amma tun kafin ta saki na gane,
don ta cije leɓe, kafaɗa ta yi sanyi.
Labarin zuciya a tambayi fuska, Renata.
Mako uku tana gaban madubin banɗaki
tana koya wa fuskarta riƙe sirri.

Asabar, gasar sofbol, rana na dukan jar ƙasa.
Ga wata doguwa, Dacey, lamba tara a bayanta,
wadda ɗazu ta aika ƙwallo bayan waya
har motar wani ta yi kuka.
Sau biyu ta kai duka ta sami iska.
Priscila mai kamu ta tsuguna, ta nuna yatsu huɗu.
Na ga 'yata ta haɗiye yawu.
Fuskar ba ta ce komai ba.

Hannu ya zagayo da dukan fushinsa.
Sanda ta wuce, fuu,
ta gama aikinta, ta naɗe a kafaɗa,
sannan ƙwallon ta iso,
kamar baƙon da ya tsaya gaisuwa a hanya.
Alƙali ya ɗaga dantse.
Dacey ta dubi sandarta kamar ita ta ci amanarta.

Daɗi ya ɗebi yarinya, ta sake yi wa ta gaba,
ta kuma sakewa.
Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya:
ta ukun aka jira ta, aka ɗauke ta da duka ɗaya.
Biyar da huɗu aka tashi. Mu ne huɗun.

A mota ba ta yi kuka ba.
Ƙanƙara a kafaɗa, ƙafa kan bokitina,
tana juya ƙwallo, tana bin jan ɗinki da farce.
Mun wuce gonakin alkama biyu kafin ta ce:
Baba, sai na yi ta faɗa musu gaskiya da ƙarfi
kafin su yarda da guda ɗayan, ko?

Ban amsa ba. Fitila ta ba mu hannu.
Ta ce, in mun isa gida akwai sauran haske,
ka fito da safar.